Eriyar Baba

Lokacin da Manaja ya kira taro, ina kwance rigingine a ƙarƙashin allon matuƙi na ƙaramin jirgin saman kamfaninmu, tocila a baki, ina neman wata waya da ta yi wata guda tana raina mini hankali. Bayana yana ciwo, wuyana ya sage. Aka leƙo aka ce, "Injiniya, ana nemanki a sama." Na ce ina zuwa, sannan na ƙara minti biyar a kwance, don wallahi kwanciyar ta fi mini tashin daɗi.

Kamfaninmu ba wani babba ba ne. Jirage uku, matuƙa biyar, da rumfar ajiye jirage ɗaya wadda rufinta ke yoyo daidai saman teburina. Masu hali ne ke hayar mu, mu kai su mu dawo da su. Ni ce mai kula da rediyo da duk wani abu mai waya a cikin jirgi. Yayana kuma, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babban matuƙi. A wurin aiki Kyaftin nake ce masa kamar kowa, shi kuma ya ce mini Injiniya, sai ka ce ba nono ɗaya muka sha ba.

Na tarar da su uku a ofis: Manaja, Yaya, da wani baƙo mai kwat da aka ɗauko daga kamfanin tsaro. Abin da ya tara mu kowa ya riga ya sani. Ranar Alhamis Yaya ya ɗauko wata lauya daga garin da take wata shari'a, shari'ar da ta taɓo mutanen da ba a son taɓawa. Ba a rubuta sunanta a ko'ina ba, direbanta ma sai da safiyar ranar aka gaya masa. Amma motarta na fita ƙofar filin jirgi, sai ga maza biyu a kan babur suna jiran ta. Suka bi ta har wurin fitilar kan hanya, suka fasa gilashin baya da guduma. Allah ya tsare, direban ya taka mota, yanka kawai ta samu a kunci. An kama ɗaya daga cikinsu, aka buɗe wayarsa, sai ga jirginmu a kan taswira, ɗan rawaya, da lokacin da ya tashi da lokacin da tayarsa ta taɓa ƙasa.

"Ina so in san wanda ke sayar da mu," in ji Manaja, yana buga tebur. Mutumin da lambar sirrin kwamfutarsa ke manne a jikin allo da 'yar takarda ke nan, yau shi ne sarkin tsaro.

"Ba wanda ya sayar da mu, ranka ya daɗe," na ce. "Jirgin ne yake faɗa da bakinsa."

Na yi masa bayanin da na sha yi masa. A cikin kowane jirgi akwai wani akwati, taransfonda muke ce masa, aikinsa shela. Sau biyu a kowace daƙiƙa yana cewa ga lambata, ga inda nake, ga nisana daga ƙasa, ga gudun da nake yi. An yi shi ne don hasumiya ta ji, sauran jirage su ji, kada a yi karo a sama. Sai dai waɗanda suka ƙera shi ba su sa masa kwaɗo ba. Duk wanda ya kafa 'yar eriya a saman ɗakinsa zai kama shelar, kuma akwai dubban mutane da wannan ne abin hirarsu, su kama su tura shafin intanet, kowa ya kalla a wayarsa. Wanda ya san kamfanin da lauyar ta yi hayar jirginsa, ya san jirage uku gare mu, ba ya buƙatar boka.

"To a kashe akwatin mana!"

"In ka kashe, hasumiya ba za ta bar mu mu tashi ba. In ma ta bari, ni ba zan sa hannu ba."

Mai kwat ya yi gyaran murya. Ya ce za a roƙi hukuma ta ba mu lambar aro da za a riƙa canzawa, za a kuma rubuta wa masu shafukan su ɓoye mu, wasu za su yarda wasu ba za su yarda ba. Sannan ya juyo mana da kwamfutarsa.

"Amma ga abin da ya fi damuna. Idan jirgi yana can sama, eriyoyi da yawa na jin sa, babu yadda za mu yi da su. Idan ya sauko ƙasa kuwa, sai ta kusa. Kuma a duk kewayen filin nan eriya ɗaya ce tak take tura wa shafin. Ita ce ta gaya wa mutanen nan daƙiƙar da kuka tsaya. Ba don ita ba, da tun kuna nesa kun ɓace musu."

Ya nuna wata da'ira a kan taswira, ta rufe unguwar da ke bayan shingen filin. A gefenta an rubuta sunan da mai eriyar ya ba ta: Sauti Garau.

Sauti Garau sunan tsohon shagon mahaifinmu ne. Eriyar tana saman gidanmu, kuma ni na kafa ta da hannuna.

Na saci kallon Yaya. Yana duban taga, kamar ana maganar kuɗin wutar maƙwabta. Manaja ya ce a nemo mai eriyar ko da gida-gida za a bi, mai kwat ya ce a ba shi mako biyu. Aka tashi.

Baba ya yi shekara talatin da biyar yana gyaran rediyo da talabijin. A shagonsa na koyi riƙon dalma tun ban kai tsawon kantar shagon ba. Mutum ne mai hannu, mai zuciya kuma, ba zan ci amanarsa in ce ba ya son mu ba. Amma Baba ba ya iya ganin abu a rufe ya bar shi. Rediyo ne, sai ya kwance. Wasiƙa ce, sai ya buɗe. Jakar makarantarmu, aljihun wandon Yaya, duk ya san abin da ke ciki. Wayar gidanmu ta da, ya ja mata wani layi zuwa ɗakinsa, muna magana muna jin numfashinsa. Mama kan ce hali zanen dutse, ku yi haƙuri da shi. Da ta rasu, sai ya zama babu mai cewa ya isa.

Shekara shida da suka wuce ya manna wa motar Yaya wani ɗan abu a ƙarƙashin kujera, mai nuna inda mota take. Lokacin Yaya da matarsa sun shekara biyar da aure ba haihuwa, suna zuwa asibiti a ɓoye, ba wanda suka gaya wa, har ni. Wata rana dangi sun cika gidanmu ana cin abinci, sai Baba ya ajiye cokali ya ce, "Wai ni me kuke yi a asibitin haihuwa duk ranar Talata? A wurin wa matsalar take?" A gaban ƙannensa, a gaban surukai. Matar Yaya ta miƙe da plet a hannunta ta rasa inda za ta ajiye shi. Yaya ya fita ya birkice motar har ya samo abin, ya dawo ya ajiye shi a gaban Baba, ya kama hannun matarsa suka tafi. Bai sake taka ƙofar gidan ba. Baba ya kira har ya gaji. Haƙuri kuwa bai taɓa bayarwa ba, don har yau cewa yake tambaya kawai ya yi.

Aka bar ni da shi. Ni ce mai magani, ni ce mai asibiti, ni ce mai jin mita. Hannunsa ya fara rawa, ya rufe shago. Ya koma zaman ƙofar gida, duk jirgin da ya yi ƙara sai ya ɗaga kai ya ce, "Auta, shi ne?" Sau goma a rana idan ina gida. Ya daina cin abincin kirki, wando ya fara zamewa daga ƙugunsa. Shekara biyu ina amsa tambayar nan, rannan na gaji. Na sayo eriya mai tsawon kamu biyu, na haɗa ta da wata tsohuwar kwamfuta, na ajiye masa allo a kan teburin ɗakinsa. Masu shafin sun ce duk wanda ya tura musu abin da eriyarsa ta kama za su buɗe masa taswirar duniya kyauta, sai na tura. Suka nemi suna, Baba ya ce a sa na shagonsa.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi aiki. Baba ya dawo cin abinci. Da safe kafin in fita zai ce, "Yau wanne?" in ce babban, ko ƙaramin. Shi ke nan, sai ya ja kujera. Ya ga ɗansa ya tashi, ya bi shi da yatsa har garin da zai sauka, ya yi masa addu'a, ya jira dawowa. Shekara huɗu, iyakar abin da ya rage masa na Yaya ke nan, ɗan rawayan jirgi a kan allo. Ni kuma na samu na riƙa yin barci.

Ranar taron na dawo gida wajen la'asar. Baba yana gaban allonsa, tabarau a kan hanci, shayinsa ya huce a gefe.

"Yau bai tashi ba," ya ce, ko sannu da zuwa babu.

"Bai tashi ba."

Na zagaya bayan tebur na zare wayar intanet. Nan take taswirar ta tsuke, jiragen nesa suka ɓace, sai 'yan ƙalilan da eriyarmu ke ji da kanta.

"Ke! Me kika taɓa?"

Na zauna a bakin gadonsa na gaya masa komai, lauyar, babur, guduma, da da'irar mai kwat. Na yi zaton zai yi gardama, don Baba ko ruwan sama aka ce ana yi sai ya leƙa ya gani. Amma bai yi ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ta ji ciwo sosai?"

"Ɗinki huɗu a kunci."

"Subhanallahi. Ta nan ɗakin aka bi?"

"Ta nan aka bi, Baba."

Ya daɗe yana kallon wayar da ke hannuna. "Ki tafi da ita," ya ce. "Ba zan zama sanadin jinin 'yar mutane ba. Amma eriyar ai ba ta gaya wa kowa komai yanzu, ko? Ni kaɗai take gaya wa."

"Kai kaɗai."

"To ta zauna. Zan ga tashinsa, zan ga saukarsa. Abin da ke tsakani in bar wa Allah, da ma shi ke riƙe da shi."

Na ce kuma za a canza wa jiragen lamba, sabuwar ba zan iya ba shi ba, na sa hannu a takarda. Ya yi 'yar dariya. Ya ce jirgin da ya tashi daga bayan gidansa ƙarfe bakwai, yana hawa a hankali kamar mai ciwon gwiwa, ko ba lamba zai gane shi. Na ce a raina shi ke nan, ta ƙare da sauƙi. Da'irar za ta ɓace daga shafin, mai kwat zai ce aikinsa ne, Manaja zai yaba masa. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Washegari ina cikin babban jirgin ina shigar da lambar aro, sai na ji an hau matakala. Yaya ne. Ya ja ƙofar ya rufe, ya zauna a kujerarsa ta hagu, ni ina ta dama da kwamfuta a cinya. Rabon da mu zauna mu biyu a wuri ɗaya har na manta.

"Na ga ta ɓace daga shafin," ya ce.

"Na cire jiya."

"Wayar kika cire, ko eriyar?"

Na ci gaba da danna kwamfuta.

"Auta."

Rabona da jin sunan nan a bakinsa ya fi shekara. Ya sa na ji haushi, ban san dalili ba.

"Wayar," na ce. "Ba wanda zai ƙara ganin komai ta wurinmu. Matsalar kamfani ta ƙare."

"Ta kamfani ta ƙare. Ban gaya wa Manaja ba, kuma ba zan gaya masa ba, aikinki ba ruwana da shi. Ni tawa nake magana."

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekara biyu. Wani abokin aiki ne ya nuna mini shafin, na ga sunan shagon. Na yi shiru, na ce tsoho ne, a bar shi. Amma kin san yadda abin yake? Duk safiya in na tura jirgin nan kan titi, sai in ji shi a bayan wuyana. In na makara minti ashirin, na san yana lissafi. In na kwana a wani gari, na san ya sani. Na bar masa gidan don in huta da idonsa, ashe ido ya biyo ni har sama. Kuma ke kika kafa masa."

"Ni na kafa," na ce, muryata ta fara tashi. "Don ni ce a gidan. Kai ka yi fushi ka tafi, ka kyauta, an yi maka laifi, ban ce ba a yi ba. Ni ina zan tafi? Ka san nauyinsa nawa lokacin? Ka taɓa dafa abinci sau uku a rana kana zubarwa? Ɗan ɗigo ne a kan allo, Yaya. Bai san wa ka ɗauka ba, bai ji muryarka ba. Maƙwabcinmu ma in ya ga dama zai iya sayen eriyar gobe ya kalle ka."

"Maƙwabci ya kalla. Jirgi yake kallo. Baba ni yake kallo, kuma ke kike gaya masa wanda nake ciki duk safiya. Ƙarya ne?"

Ba ƙarya ba ne.

"Bai taɓa tambayata ba," ya ce. "Ko sau ɗaya a rayuwarsa bai taɓa cewa, wane, ka yarda in sani? Matata har yau in an yi baƙi a gida ba ta iya cin abinci a gabansu. Ya ce miki ya yi kuskure?"

"Ka san Baba."

"Na san shi, shi ya sa."

"To ka kira shi mana! Minti biyu a mako. Ka ce Baba na tashi lafiya, na sauka lafiya. Wallahi da kaina zan jefa eriyar a bola."

Ya girgiza kai. Ba da fushi ba, da ma fushi ne da ya fi mini sauƙi. Gajiya ce a fuskarsa irin tawa, har na ga kamar madubi nake kallo.

"Wani kamfani yana nemana tun bara, can nesa, inda eriyarku ba za ta ji ni ba. Ina ta ja musu rai saboda makarantar da matata ke koyarwa. In eriyar tana nan ranar Litinin, zan amsa musu. Ba barazana nake miki ba, na gaji ne kawai."

Ya buɗe ƙofa ya sauka. Na zauna ina kallon lambar da nake shigarwa, na manta a harafi na nawa na tsaya, dole na sake daga farko.

Kwana uku ina juya maganar. Na yi tunanin in mayar da eriyar cikin silin inda ba a gani, in ce wa Yaya na cire. Na san yadda ake yi, aikin awa ɗaya ne. Amma sai na ga ai abin da Baba ya yi da kujerar mota ke nan, ni ma 'yar gidan ce ashe. Na yi tunanin in lalata ta in ce wa Baba tsawa ce ta ƙona ta. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana gyaran abin da tsawa ta ƙona, shi zan yi wa wannan ƙarya? Gaba kura, baya siyaki. In na bar ta, Yaya ya tafi, allon ya zama fanko. In na cire, allon ya zama fanko. Ta ko'ina Baba ne zai rasa, abin da ya rage mini kawai in zaɓi hannun da zai ƙwace.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauko tsani daga bayan kicin na jingina shi da bango. Ƙarar ta fito da Baba. Ya tsaya a bakin ƙofa da silifas ɗaya a ƙafa, ya dubi tsanin, ya dubi jakar kayan aikina.

"Gyara za ki yi?"

"Sauke ta zan yi, Baba."

"Mun yi da ke ta zauna."

"Mun yi."

Ya tako a hankali har gindin tsanin. "Kamfani ne ya ce?"

Amsar tana bakina, mai sauƙi, a ce kamfani ne a wuce wurin. Zai zagi Manaja na mako guda ya haƙura. Amma na gaji da zama tsakanin mutum biyu ina tace wa kowa abin da zai sha.

"Yaya ne ya ce."

Ya kama ƙarfen tsanin.

"Ya san ina kallo?"

"Ya sani."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Shekara biyu," ya maimaita. Na ga fuskarsa ta ɗan saki, kamar an ba shi kyauta, kuma wannan ya fi komai karya mini zuciya. "Ashe duk tashin nan da yake yi ya san ina nan."

"Ya sani, Baba, kuma ba ya so. Ya ce ba ka taɓa tambayarsa ba. Ya ce in tana nan ranar Litinin zai bar garin."

Na jira faɗa. Na jira ya ce shi ya haife shi, uba ba ya neman izinin ɗansa, duk karatun da na haddace. Bai ce ba. Ya dubi eriyar can sama, 'yar siririya, tsuntsaye sun ɓata gindinta da kashi.

"In na ce a tambaye shi yanzu fa?"

"Zai ce a'a."

"Zai ce a'a," ya yarda. Sannan ya ce, "Ba da wannan sifanar ba, za ki cinye kan notin. Mai lamba goma sha uku za ki ɗauka. Hau, na riƙe miki."

Na hau. Kwanon rufin ya riga ya yi zafi, yana ƙona mini gwiwa ta cikin wando. Notin farko ya yi tsatsa, sai da na sa masa mai na jira. Daga can sama ana ganin shingen filin, da rumfarmu, da wutsiyar babban jirgin a bakin ƙofa. Na kwance na biyu, na uku, na zare wayar na naɗe ta a hannu. Duk aikin bai kai minti ashirin ba, abin da ya riƙe mutum shekara huɗu.

Ina saukowa da eriyar a kafaɗa, saura matakala uku, sai Baba ya yi magana ba tare da ya ɗago kai ba.

"Auta. In zai sauka da yamma, yakan karkato ta saman gidan nan kafin ya miƙe. Kullum. Wannan fa?"

Na tsaya a kan matakalar. Na san takardar saukar filin nan kamar tafin hannuna. Duk jirgin da zai sauka ta wannan ɓangare sai ya yi kwana a daidai saman unguwarmu, haka aka zana, haka hasumiya ke umarta, daga mai ɗaukar kaya har ɗan koyo.

"Hanyar sauka ce, Baba. Kowa ta nan yake bi."

"Na sani," ya ce. "Ina ganin su duka a allon. Tambaya dai na yi."

Ya ci gaba da riƙe tsanin har na taka ƙasa, bai kuma saki ba sai da na ce masa na sauko.